Sunan Kaka Yana Cikin Akwatin Majami'a

A ƙasar Hausa ba a ɗaura aure sai an binciki asali, ba a naɗa rawani sai an ƙirga kakanni. Duk da haka, da yawa daga cikin masu ilimin da ke zaune a ofisoshin Kano da Kaduna da Abuja, in aka ce su jero sunayen iyayensu, daga kaka na biyu sai harshe ya sarƙe. Gidan sarauta yana da maroƙa masu riƙe masa salsala, gidan malamai yana da tasa a rubuce a bangon littattafai. Manomin ƙauye kuwa ba shi da ma'ajiya sai tsohuwar gidansu, ranar da aka kai ta makwanci an binne rabin tarihin gidan tare da ita.

Akwai wani rukuni na Hausawa da bai kamata wannan rashi ya same su ba, domin an rubuta sunayen kakanninsu da shekara da wata da rana, littafin kuma bai ɓata ba tukuna. Abin da ya hana su zuwa su duba shi ne wurin da yake ajiye: cikin akwatin ƙarfe, a ɗakin fasto, bayan wata tsohuwar majami'a, a ƙauyen da mahaifinsu ya bari tun yana saurayi, ya musulunta a birni ko ya ci gaba da Kiristancinsa a can, bai kuma so a riƙa ambaton sunan ƙauyen a gaban baƙi. Ya kamata jikokin nan su je su ga wurin, Musulminsu da Kiristansu, kuma su je da wuri, tun gara da siminti ba su riga su ba.

Irin waɗannan ƙauyuka suna da yawa a kudu maso yammacin jihar Kano, a ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, inda jihar ta haɗa iyaka da Katsina da Kaduna, yankin da tun 2024 yake ƙarƙashin masarautar Karaye mai daraja ta biyu. Wanda ya bi ta Fulatan ko Zarewa ko Bari, ya saki kwalta ya kama hanyar burji, zai riƙa wuce gidajen gona a warwatse tsakanin masara da dawa da rake, kowane gida da sunan mutumin da ya fara kafa shi. Wannan tsarin zama na Maguzawa ne: babban gida ɗaya, gandu ɗaya, rumbuna a tsakiya, 'ya'ya da jikoki kowa da sashensa. Maguzawa Hausawa ne da suka ci gaba da addinin gargajiya bayan Musulunci ya kafu a birane. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun kawo Musulunci fada a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, amma karkara ta ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ta bi sahu. Bayan jihadin 1804 hukuma ta bar su a matsayin 'yan amana, suna biyan jizya, suna noma, suna da shugabanninsu masu tsaya musu a gaban hakimi. Masana da dama suna danganta sunan nasu da kalmar Larabci ta Majusu, wato ƙofar da malaman fiƙihu suka bi suka sama musu gurbi a shari'a. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya fitar da littafi a kansu a 1946. Murray Last, wanda aka fi sani da littafinsa kan Daular Usmaniyya, ya yi shekaru a wani gidan Maguzawa kusa da Malumfashi a farkon shekarun 1970. Baƙi sun zo daga nesa sun rubuta yadda kakannin suka rayu, jikokin kuwa, mai digiri biyu da mai uku, da yawansu ba su taɓa taka ƙofar gidan ba.

Majami'a ba ta shigo wannan ƙasa da sauƙi ba. A 1900 ayarin Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. A 1903 Lugga ya yi alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin jama'a ba, daga nan Turawan mulki suka riƙa tare 'yan mishan daga shiga masarautu, wani lokaci da tsananin da ya fi na sarakunan kansu. Likita Walter Miller, wanda yana cikin ayarin 1900, ya samu zama a birnin Zazzau daga 1905. A 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka same shi, almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a kasuwar Kano cikin ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a wa'azinsa. Su ne suka kafa ƙauyen Kirista a Gimi, ciwon barci ya shiga ya yi musu mummunar ɓarna har wurin ya watse. A 1929 mishan ya koma Wusasa, aka gina majami'ar St Bartholomew da jar ƙasa bisa tsarin magina Hausawa, a 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga wannan ƙaramar al'umma aka samu Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma jigon kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da John Tafida, wanda shi da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi da ɗaliban Hausa ke karantawa har yau.

A ƙasar Kano kuwa kuturta ce ta buɗe ƙofa. A shekarun 1930 aka damƙa wa mishan ɗin SIM kula da zangunan kutare na Kano da Katsina da Sakkwato, wato Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Daga nan ƙananan ɗakunan shan magani da makarantu suka bazu a wurare irin su Roni da Kabo da Tofa da Malumfashi. A 1954 majami'un da SIM ta kafa suka zama ECWA a hannun 'yan ƙasa. Masaniyar tarihi Shobana Shankar, a littafinta na 2014 kan asalin Kiristanci a Arewa, ta mai da hankali kan mutanen ƙasa da suka ɗauki wannan aiki a kansu, masu ba da magani da malaman makaranta da masu bishara. Sai rangadin musuluntarwa na Sardauna a 1963 zuwa 1965, sai makarantar firamare kyauta ta 1976, sai hanyoyin mota da rediyo. Zama Bamaguje ya yi wuya, domin makaranta da asibiti da kotu duk suna tambayar mutum addininsa, amsa biyu kuma kawai suke da gurbi a takarda. Gidaje suka rabu. Wa ya bi liman, ƙane ya bi mai bishara, uba ya ci gaba da yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiya har ya mutu. Yau Cocin Angalika tana da dayosis guda mai mazauni a Gidan Mato ta Bari, a 2023 kuma Cocin Katolika ta kafa dayosis ɗin Katsina ta naɗa Gerald Mamman Musa bishop, Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a cikinta.

Ke nan tsohuwar majami'ar ƙauye a wannan yanki ba ta kai tsufan masallacin Juma'a na Zazzau ba, ba ta ma kusa. Shekara hamsin ce, sittin, in ta yi nisa tamanin. Amma tsufan gini da abin da ke kewaye da shi ake auna shi, a ƙauyen da ɗakin ƙasa kan zube a sāke shi duk bayan 'yan damina, ginin da ya ga haihuwar kaka da uba da jika ya cancanci a kira shi tsoho.

Wanda ya je zai tarar da abin da bai kai yadda ya zata ba, kuma wannan ƙanƙanta tana cikin darasin. Ɗaki ne mai tsawo, bangon tubali, rufin kwano da ya yi tsatsa, tagogin katako. A wasu wuraren dakalin ƙasa ne a jere a madadin benci, maza a gefe ɗaya mata a ɗaya gefen, kamar yadda ake zama a kowane taron Hausawa. Ƙararrawa sau da yawa tsohon wilin mota ne a rataye a reshen darbejiya. A kusurwa akwai tulunan da zumuntar mata ke kaɗawa in suna waƙa, da littafin waƙoƙi da bangonsa ya fita. Duk abin da ake yi a ciki da Hausa ake yinsa, Hausar ma irin wadda birni ya fara mantawa. Kalmomin ibadar kansu baƙon Musulmi zai ji kamar ya san su: Allah, Ubangiji, addu'a, sujada, zunubi, gafara, tuba, albarka, alheri. Masu fassarar farko ba su da wata rijiya da za su ɗebo kalmomi sai wadda Musulunci ya riga ya haƙa a harshen.

Sai dai ginin ba shi ne babban dalilin tafiyar ba. Littafin rajista ne. A shafinsa akwai sunan wanda aka yi wa baftisma, sunan ubansa, gidan da ya fito, ranar da aka yi, da sa hannun faston da ya yi. Wasu majami'un suna da littafin aure da na mutuwa da na baiko, inda za a ga wanda ya kawo damin dawa bayan girbi da wanda ya kawo kaza. A layi ɗaya mutum zai ga sauyin zamani da idonsa: uba Nomau ko Jatau ko Ranau ko Shekarau, ɗa Bitrus ko Bulus ko Istifanus, 'ya Rifkatu ko Saratu ko Alisabatu. Zai kuma ga tarin sunayen da ba su nuna ɓangare, Ibrahim da Musa da Dauda da Yakubu da Haruna da Ayuba da Maryamu, waɗanda da yawa suka zaɓa da gangan domin ɗansu ya shiga kasuwa da makaranta ba tare da suna ya riga shi magana ba.

Darajar wannan littafi tana fitowa ne in aka tambayi abin da ke madadinsa. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk Nijeriya ta 1992 ce, kuma kowa ya san yadda ta daɗe ba ta isa karkara ba. Shi ya sa manyan ma'aikata da yawa ke yawo da takardar rantsuwar shekaru, shi ya sa kuma ranar 1 ga Janairu ta zama ranar haihuwar jama'a masu yawan gaske. Littattafan haraji na dagatai sun ƙirga magidanta ne kawai, aka kuma daina cika su a Kano bayan Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Liman yana raɗa suna, yana ɗaura aure, yana sallar gawa, amma al'adarsa shaidu ne, bai saba ajiye rajista ba. Saboda haka a ƙauyuka da dama na Rogo da Karaye, littafin majami'a na iya zama takarda mafi tsufa da ta ambaci talaka da sunansa da sunan ubansa ba don a karɓi kuɗi a hannunsa ba. A Ingila tun 1538 aka umarci kowace majami'ar unguwa ta ajiye irin wannan littafi, kuma da shi ne yau jikokin waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ostareliya ke komawa ƙauyukan kakanninsu, masu addini da marasa shi, ba wanda ke tambayarsu aƙidarsu a bakin ƙofa.

Littafin yana da giɓi, kuma gara mai zuwa ya san da su tun daga gida. ECWA da Baptis manya suke yi wa baftisma, don haka ranar da ke rubuce ranar shiga ikilisiya ce, haihuwa tana can baya da shekara goma sha biyar ko arba'in. Angalika da Katolika suna yi wa jarirai, nasu ya fi kusa da ranar haihuwa. Mai mata biyu ko uku galibi ba a yi masa baftisma, ko da ya shekara talatin yana zuwa sujada, ko da shi ya ba da filin da aka yi ginin. Irin wannan kakan ba za a same shi a layin kansa ba, sai a gurbin sunan uba, a gefen 'ya'yansa. Mata sukan ɓace cikin sunan miji. Wani faston kuma, don ɗokin sabuwar rayuwa, bai rubuta tsohon sunan mutum ba sam, kamar dai a ranar aka haife shi. A nan majami'a ma tana da nata alhakin: ta koya wa mabiyanta ƙyamar abin da iyayensu suka bauta wa har ta kai wasu ba sa son a tuna musu da kirarin gidansu ko kan gidansu, wato dabbar da zuriyar ba ta ci. Bamaguje ya sha gori daga ɓangarori biyu, kowanne kuma ya taimaka wajen share sawunsa.

Ga jikan da yake Musulmi, tambayar farko ta addini ce, kuma ba tambayar raini ba ce. Malamai sun yi saɓani tun da daɗewa game da shiga majami'a: akwai masu hanawa, akwai masu karhantawa musamman inda akwai gumaka da hotuna, akwai masu halattawa in da buƙata. Wannan fage na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Amma littafin ba a wurin ibada yake kwana ba, a gidan fasto yake, ana iya fito da shi a shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaro. Batun sada zumunci kuwa ba shi da irin wannan saɓani. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba, aya ta 15 ta Suratu Luƙman ta yi umarni da kyakkyawan zama da iyaye ko da addini ya bambanta, Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa an umarci Asma'u 'yar Abubakar ta sada zumunci da mahaifiyarta alhali uwar ba ta musulunta ba. Baffan da ke jan waƙa ranar Lahadi baffa ne, gwaggon da ke kaɗa tulu gwaggo ce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannu lafiyarsa lau.

Gaskiyar magana ita ce abin da ya fi hana mutane tafiya kunya ce, aka lulluɓe ta da rigar addini. Kalmar tubabbe tana bin mutum har jikokinsa. Ana fasa aure a birni saboda an gano kakan yaro daga gidan arna ya fito, kalmar da ita kanta zagi ce, ko da yaron ya haddace Alƙur'ani. Wannan gori ba shi da tushe ko a ma'aunin masu yinsa. Sahabban farko 'ya'yan masu bautar gumaka ne, malaman nasaba na Larabawa kuma ba su goge sunayen kakannin jahiliyya ba, sun tsare su daki-daki. Kano kanta ba ta ɓoye Barbushe da Tsumburbura, ana koya wa yara labarinsu a makaranta, ana kai baƙi su hau Dala. Duk Bahaushen da ya bi salsalarsa da nisa zai isa gidan da ba a salla. Bambancin ɗan birni da ɗan Rogo tazarar shekaru ce kawai: na wancan ya yi nisa har ya zama tarihi abin alfahari, na wannan yana kusa har yanzu yana da suna da kabari. Zangon kutaren da mishan ya bi ya shigo Kano, sunansa Yadakunya. An raɗa shi ne don masu ciwo, amma shawarar da ke cikinsa ta fi ƙarfin asibiti.

Jikan da yake Kirista shi ma yana da tasa kunyar. Ya girma a Jos ko Kaduna ko Legas, yana sujada da Turanci a babban gini mai lasifika, 'ya'yansa ba sa jin Hausa sosai, majami'ar ƙauye mai dakalin ƙasa tana tuna masa da talaucin da ubansa ya gudu ya bari. Shi ne kuma wanda a kudu ake ce masa ai Bahaushe ba ya zama Kirista, a gida kuma ake tambayarsa ko dai shi ɗan kudancin Kaduna ne. Hausawa Kirista, waɗanda da yawansu suka fi son a kira su Masihiyawa, sun daɗe suna kokawa kan wahalar samun takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma da filin gina wurin ibada. Ga irin wannan mutum, shafin da ya nuna kakansa da kakan kakansa a gida kaza na ƙasar Karaye hujja ce da ba ta buƙatar dogon bayani.

Kada kuma mai zuwa ya ɗauka za a tarbe shi da akwati a buɗe. Mutanen nan suna da dalilin yin taka-tsantsan da baƙo mai babbar mota da waya mai ɗaukar hoto. A watan Afrilu na 2015 wasu matasa suka ƙone majami'ar Baptis a Gidan Maso cikin ƙaramar hukumar Rogo, lamarin da ya kai Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya ba da umarnin a sāke gina ta. Umarnin abin yabo ne, amma ana sāke bango da rufi, ba a sāke takardar da wuta ta ci. Don haka tafiyar tana da ladubbanta, kuma ladubban Hausawa ne da kowa ya sani. A fara da gaishe da mai unguwa. A nemi dattijon gidan da aka fito, a durƙusa, a ce, “Baba, ni jikan wane ne, ɗan wane da ya tafi Kano.” A riƙe goro da sabulu da sukari, da turmin atamfa don tsohuwar gida. A bar dattijon shi ya kai mutum wurin fasto, domin littafin na ikilisiya ne, dattawanta ke da iko da shi. A zaɓi ranar da ba Lahadi ba, bayan an gama girbi, lokacin da mutane ke da sukunin zama. Wanda ya zo da siffar mai bincike zai koma da amsoshin da ake ba jami'in ƙidaya. Wanda ya zo a matsayin ɗa, za a fara yi masa faɗan daɗewar da ya yi bai zo ba, daga nan a ba shi fura, daga nan bakin tsofaffi ya buɗe.

Abin da ke sa a yi gaggawa ba wuta kaɗai ba ce. Gara ta fi wuta haƙuri, kuma ba ta fashi. Rufi na yoyo, fasto na samun canjin wurin aiki ya bar akwati ga wanda bai san darajarsa ba. Madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye ta tashi ƙauyuka, kuma duk inda aka yi ƙaura takarda ce ke fara salwanta. Sai kuma ci gaba, wanda ya fi su duka saurin rusau. Da zarar 'ya'yan ƙauye da ke birni sun haɗa kuɗi, abin da suke fara yi shi ne su ture tsohon ɗakin ƙasa su kafa na bulo mai tayil, kamar yadda aka yi wa tsofaffin masallatai da yawa a ƙasar Hausa aka musanya aikin gwanayen magina da siminti da fenti. A wannan ɗabi'a Musulmi da Kirista ba su da bambanci ko kaɗan. Wusasa ta nuna akwai wata hanya, domin an gina sabuwar majami'a aka bar ta 1929 a tsaye, ga shi yau masu nazarin gine-ginen Hausa suna zuwa ganinta.

Akwai rashin daidaito a nan da ya kamata ya dami duk mai kishin tarihi. Wasiƙun Turawan CMS suna Jami'ar Birmingham a Ingila, na SIM suna Amurka, a jere, cikin ɗaki mai sanyi. Labarin mai bisharar da ya yi shekara talatin yana taka keke tsakanin gidajen gona, da na manoman da suka saurare shi, da na 'yan'uwansu da suka ƙi, yana cikin akwati ɗaya a ƙarƙashin gado. Gidan Arewa da ke Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar Kano, da sashen tarihi na Jami'ar Bayero, duk suna da hurumin wannan aiki, domin tarihin Hausawa ne, ba na wata ƙungiyar addini kaɗai ba. Laburaren Birtaniya ma yana da shiri tun 2004 na tallafa wa ɗaukar hoton takardun da ke fuskantar halaka. Kafin hukumomi su motsa, wayar da ke aljihun jika ta isa: a ɗauki kowane shafi da izinin dattawa, a buga kwafi biyu, ɗaya ya zauna a ikilisiya. Abu ɗaya ne bai kamata a yi ba, wato a watsa shafukan a Facebook. A cikinsu akwai sunayen mutanen da ke raye, wasu sun sauya addini a asirce, akwai kuma littafin horo mai ɗauke da laifuffukan da aka yafe tun da daɗewa. Tonon asiri ba ya cikin neman asali.

Littafin kuma shi kaɗai ba ya magana sai an haɗa shi da bakin tsofaffi, su kuwa ba da lambobi suke ƙirga shekaru ba. Tsohuwa za ta ce an yi wa wane baftisma a rafi da kaka, shekarar da aka kashe Sardauna, wato 1966. Za ta ce ƙanensa ya musulunta ya tafi birni shekarar da motoci suka koma hannun dama, 1972 ke nan, aka haifi 'yarsa ta fari shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, 1973, wadda ita ce kuma shekarar babban fari. In aka ɗora wannan a kan abin da fasto ya rubuta, sai giɓin ya fara cikewa, a gane wace ce matar da aka rubuta da sunan mijinta kawai, a gane dalilin da ya sa sunan wani gida ya daina fitowa daga shekara kaza. Kaburbura ma haka suke. Na Kiristocin baya-bayan nan wasu suna da gicciye da rubutu a siminti. Na kakan da ya mutu a Maguzanci ba shi da alama, yana gefen gona, an yi shekaru ana noma kusa da shi, kuma a yawancin gidaje mutum ɗaya ko biyu ne suka rage da za su iya ɗaga sanda su nuna daidai wurin.